Na Koma Inugu Bayan Baba Ba Ya Nan

Labarin rasuwar Baba, tsohon da na zauna a gidansa a Inugu lokacin bautar ƙasa, sai da ya yi wata bakwai kafin ya iso ni. Jikarsa ce ta lalubo ni a Facebook, ta ce sun tsinci hotona a cikin akwatinsa sanye da kakin bautar ƙasa, a bayan hoton kuma an rubuta kalma ɗaya da rubutun tsoho mai karkarwa: Kofur. Ina karantawa na ajiye wayar na kifa kai. Shekara goma sha ɗaya ina ce wa kaina zan koma in gaishe shi, kullum gobe, kullum bayan damina. Sai ga shi tafiyar da na yi ta ɗagawa ta zama ta ta'aziyya, ta'aziyyar ma a makare.

Hanyar ba ta sake sosai ba. Daga Lafiya zuwa Makurɗi barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai da muka hau gadar Binuwai. Daga tagar mota ana hango tsohuwar gadar da aka buɗe a 1932, wadda jirgin ƙasa ke bi, kuma duk lokacin da na gan ta Baba nake tunawa, don yakan ce duk kwal ɗin da ya tsallaka wannan gada zuwa Kafanchan da Jos da Kaduna akwai guminsa a jiki. Muka wuce Otukpo, muka wuce Obollo-Afor, la'asar sakaliya muka iso mararrabar da ake kira Ninth Mile. Na roƙi direban da ya ɗauke ni daga nan ya bi ta tsohuwar hanyar tudun Milliken, mai kwana-kwana kamar maciji ya sha bugu. Ya kalle ni kallon wanda bai san ciwon kansa ba, amma ya bi. Daga can sama garin Inugu yana shimfiɗe a ƙasa, jar ƙasa da koren daji da rufin kwano. Sunan garin ma daga tudun ya samo asali, don a harshen Ibo ma'anarsa saman tudu.

Yadda na haɗu da Baba abin dariya ne. An turo ni bautar ƙasa wata makaranta, ba ni da masauki, ban san kowa ba, ina yawo a unguwar Coal Camp da jaka a kafaɗa ina tambayar ɗakin haya da Turancin da tsoro ya sa ya kakkarye. Sai na ji murya daga wata baranda, da Hausa garau: "Kai, soja! Ina zuwa da wannan kaya? Zo nan." Na waiga ina neman ɗan Arewan da ya yi maganar, ban ga kowa ba sai wani tsohon Ibo siriri, daga shi sai zane da singileti, yana zaune a kujerar katako mai jingina. Ya ce na ga an ba ka kaki amma ba a koya maka tsayuwa ba. Mutanen gari suna ce mana kofa, shi kuwa ya ce bai san wani muƙami kofa ba, a sojan da ya sani kofur ake da shi. Daga ranar na zama Kofur, na kuma zauna a ɗakin bayan gidansa shekara guda cur.

Hausarsa irin wadda yanzu ba ka ji ce. Hausar bariki, wadda ba ruwanta da namiji ko mace: matata ya tafi kasuwa, rana ya faɗi. Amma akwai tsoffin kalmomi a bakinsa da ni haifaffen Hausa sai na tsaya na yi tunani. A soja ya koye ta. A zamanin Turawa Hausa ce harshen rundunar Afirka ta Yamma a ɓangaren Nijeriya, har hafsoshin Turawa sai sun koya, shi ya sa yaro daga tuddan Udi da bai taɓa taka Arewa ba ya dawo daga yaƙi yana zagi da addu'a duk da Hausa. Shi Kirista ne, ba ya fashin coci, amma shi ke buga mini ƙofa da asuba. Yakan ce a Boma sajensu ba ya yarda Musulmin da ke ƙarƙashinsa ya makara salla, to shi ma ba a gidansa ba.

Runduna ta 82 ya yi. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma aka kai yaƙin Boma, ta 81 da ta 82, kuma kowacce da tambarinta. Ta 81 gizo-gizo ne baƙi. Ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Baba yakan yi dariya ya ce wanda ya zana wannan tambari ya faɗi gaskiya, māshin na masu bindiga ne, gammon nasu ne. Don shi da farko ba a ba shi bindiga ba. Yana cikin dubban da aka ɗauka don dako, su ne motar rundunar a dajin Arakan inda mota ba ta shiga. Harsashi, magani, rediyo, har sassan igwa, duk a ka, ana hawa tudu ana gangarawa, ana ratsa rafi ruwa iya ƙirji, matsattsaku na shan jinin mutum bai sani ba sai ya cire takalmi. Adda kawai ke hannunsa. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro ba sojan Jafan ba ne, shirun dajin ne, don idan tsuntsaye suka yi tsit ka san akwai mutum a kusa, kuma kai da akwatin harsashi a ka ba ka da damar kwanciya da sauri. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung. Yau akwai bariki mai wannan suna a Legas, kamar yadda ake da Arakan da Dodan, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya. Mutane na wucewa ta gabansu kullum, kaɗan ne suka san sunayen wurare ne da rundunonin Boma. A Inugu kuma har yanzu hedikwatar runduna ta 82 ta sojan Nijeriya take. Idan muka wuce ta gaban ƙofarta Baba yakan ɗan miƙe a kujerar mota, ba ya cewa komai.

Na isa gidan da magariba. Barandar na nan, kujerar ba ta nan. Babbar 'yarsa, wadda ita ma yanzu furfura ta cika mata kai, ta fito ta riƙe hannuna biyu ta ce Kofur, ka yi ƙiba. Na ce Mama, ya haƙuri? Ta ce haƙuri ya zama dole, ya daɗe yana tambayarka. Wannan magana ta fi zagi ciwo, kuma na san ba da nufin ta cuce ni ta faɗa ba.

Da dare ta jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado. Na san akwatin, amma ban taɓa ganin cikinsa ba. Akwai lambobin yaƙi a naɗe cikin tsumma, ɗaya tauraro ce mai kusurwa shida, ta Boma, ƙyallenta ya koɗe. Akwai takardar sallama daga soja ta 1946, ta sha ninki har ta rabe, an liƙe ta da salatif. Akwai hular haƙa, baƙa, da mariƙin fitila a goshi, gefenta ya lotsa. Sai wani ɗan faifan ƙarfe kamar kwabo, da huda a sama da lamba a jiki. Shi na fi daɗewa ina juyawa. Baba ya taɓa ba ni labarinsa: da irinsa ake sanin wanda ya shiga rami da wanda ya fito. In an tashi aiki aka ga lambar wani ba ta koma inda ya kamata ba, to akwai mutum a ƙasa. Ya ce a soja ma an rataya masa lamba a wuya don a gane gawarsa, ya dawo gida aka sake ba shi wata don dalili ɗaya.

Washegari jikansa, saurayi mai aikin gyaran waya, ya ɗauke ni a babur muka nufi kwarin Iva, inda aka yi haƙar kwal. Ba nisa daga cikin gari, amma kana gangarawa sai ka ji kamar ka bar Inugu baya. Tsoffin gidajen leburori a jere, masu ɗaki ɗaya ɗaya, har yanzu da mutane a ciki, yawanci 'ya'ya da jikokin waɗanda suka yi aikin. Daga inda babur ya gaza muka taka da ƙafa, ciyawa ta fi mu tsawo. Nan da can sai ka yi tuntuɓe da guntun layin dogo siriri da ya nutse a ƙasa, wanda masu jari-bola ba su kai gare shi ba.

A 1909 wani Baturen binciken ƙasa, Albert Kitson, ya gano kwal a waɗannan tuddai. Kafin shekara goma an fara haƙa, an shimfiɗa layin dogo zuwa bakin teku, wanda ya kammala a 1916. Fatakwal kanta domin fitar da wannan kwal aka kafa ta. Ramin Iva a 1917 aka buɗe shi. Wato birane biyu manya na ƙasar nan daga wannan baƙin dutse suka tsiro, amma wurin da aka ciro shi yau sai ka sa yaro ya share maka hanya da sanda.

Abin da na zata zan gani rijiya ce mai zurfi. Ashe ba haka ba ne. Kwal ɗin Inugu a kwance yake cikin cikin tudu, saboda haka ta gefe ake shiga, kamar kogo. Bakin da muka samu rabinsa ya rufta, ruwa mai launin tsatsa yana tsiyayowa daga ciki, iska mai sanyi da warin ƙarfe tana bugo fuska. Na sunkuya na leƙa. Taku uku kawai haske ke kaiwa. Na kunna fitilar waya, duhun ya haɗiye ta kamar ban kunna ba.

A nan maganganun Baba suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Da turin tarago ya fara, ƙananan taragun ƙarfe da ake cikawa da kwal a tura a kan dogo, daga baya ya zama mai sara, wanda shi ne babban aiki kuma shi ya fi hatsari. Kaurin kwal ɗin a wurare da yawa bai kai tsayin mutum ba, don haka a durƙushe ake sara da diga, wani lokaci a kishingiɗe cikin ruwa. Ana cin kwal ɗin ne ɗaki-ɗaki, a bar ginshiƙai na kwal ɗin kansa su riƙe tudun, a kuma tokare rufin da gumagumai. Ya ce gungume yana magana. Kafin rufi ya faɗo sai itacen ya fara ƙara, ƙas, ƙas, wanda ya iya sauraro ya tsira, wanda ya tsaya cika taragonsa ya kwana a can. Kuma da yake da yawan taragon da ka cika ake auna aikinka, kullum akwai mai cewa bari in ƙara shebur biyu. A gwiwoyinsa da ƙashin bayansa akwai tabo baƙi ƙirin, ya fi fatarsa duhu, inda garin kwal ya shiga rauni fata ta rufe a kansa. Yakan nuna ya ce Boma ba ta bar masa tabo ko ɗaya ba, duk waɗannan na gida ne.

Sau ɗaya tak ya ba ni labarin ranar 18 ga Nuwamba, 1949, shi ma don na matsa ne. Leburori na rikici da hukumar ma'adinan kan haƙƙoƙinsu da kuɗin da suke ganin suna bi. Suka ɗauki dabarar jan ƙafa a aiki, wadda da harshensu suke cewa welu nwayo, wato bi a sannu. Aka kori masu sara da yawa. Su kuma suka ƙi fita, suka zauna a wurin aiki don kada a kawo wasu a maye gurbinsu. Turawa suka tsorata cewa nakiyar fasa dutse da ke ajiye za ta faɗa hannun 'yan gwagwarmayar neman 'yanci, suka turo 'yan sanda su kwashe. Leburori kuwa suka fahimci in an kwashe nakiya rufe ramin za a yi. Suka taru a bakin ma'ajiyar suna waƙa suna buga ƙafa, wasu da jan ƙyalle ɗaure a hula. Baturen da ke jagorantar 'yan sandan, F. S. Philip, ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Onica da Kalaba, 'yan siyasar da ba sa ga-maciji suka haɗa kai a Legas na ɗan lokaci, aka kafa kwamitin bincike na Fitzgerald. Wannan duk yana cikin littattafai.

Abin da ba ya cikin littafi shi ne abin da ya sa na yi wannan doguwar tafiya. Baba ya ce da ƙarar farko ya faɗi ƙasa ya lafe, jikinsa ne ya tuna Boma kafin kansa ya tuna. Waɗanda ba su taɓa jin harbi ba suka miƙe suna gudu, su aka samu a baya. Yana kwance fuskarsa cikin garin kwal sai ya ji 'yan sandan suna magana a tsakaninsu, kuma da Hausa suke yi, don da yawansu daga Arewa aka kawo su. Ya ji wani yana cewa ya isa, ya isa haka. Ya ce muryar irin ta mutanen da suka raba ruwan gora ɗaya da shi a Arakan ce, irin ta sajen da ya taɓa goya shi da zazzaɓi ya kayar da shi. Har ya buɗe baki zai ce kai, ni ne, ɗan'uwa, sai ya rufe.

Da ya gama na rasa inda zan sa idona. Na ce Baba, to me ya sa da ka gan ni ka kira ni? Ya ce da wane harshe kake so in kira ka, Turancinka ai ba ya tafiya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa ya ce wanda ya ce a harba da Turanci ya faɗa, wanda ya ce ya isa da Hausa ya faɗa, shi abin da kunnensa ya ji ke nan. Bai ƙara ba, ni ma ban sake tambaya ba. Yanzu ina ganin wauta na yi. Mutumin da ya ratsa yaƙin duniya, ya kwanta a kwarin Iva, ya gudu daga Inugu da iyalinsa lokacin da sojan tarayya suka shigo a Oktoban 1967, yana zaune taku goma daga ƙofata shekara guda, ni kuwa hankalina na kan ranar da za a biya alawus.

Ƙarshen aikin kwal bai zo da hayaniya ba. A ƙarshen shekarun 1950 ana fitar da tan wajen dubu ɗari tara a shekara. Sai aka samu man fetur a Oloibiri a 1956, jiragen ƙasa suka koma shan dizal, wutar lantarki ta koma kan ruwa da gas, manyan masu sayen kwal suka janye. Yaƙin basasa ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka, abin bai sake miƙewa yadda yake ba. Baba ya koma bayan yaƙi ya ƙarasa shekarunsa ya yi ritaya. Ni na sha raka shi wani ofishi bin fansho. Yakan sa farar riga ya maƙala lambobinsa, mu zauna a benci tun safe, a ce mai sa hannu bai zo ba. Wata rana wani matashin akawu ya dubi lambobin ya ce Baba, a ina ake sayar da waɗannan? Jinina ya tafasa. Baba ya dafa gwiwata ya ce bar shi, Kofur, yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Tarin nan shi ya zauna da shi har ƙarshe. Ƙurar da mai haƙa ke shaƙa ba ta fita, tana taruwa a huhu tana sandarar da shi, sai mutum ya tsufa numfashi ya riƙa gaza masa ko a zaune. Mama ta ce a watanninsa na ƙarshe a jingine yake barci, kuma in dare ya yi yakan yi ta magana da Hausa, su ba sa ji. Ta tambaye ni ko zan iya fassara mata wata kalma da yake maimaitawa. Ta faɗe ta yadda ta riƙe, a karkace. Sai da ta maimaita sau uku na gane. A sauke, yake cewa. A sauke kaya. Umarnin da ake ba 'yan dako ne in an iso zango.

Kafin mu bar kwarin na duƙa a bakin ramin na tono wani ɗan dunƙulen kwal daga cikin laka, bai fi ƙwan kaza ba. Ya fi yadda na zata rashin nauyi, kuma yana ɓarɓashi a hannu. A hanyar komawa muka bi ta shataletalen da aka kafa gumakan tunawa da leburorin 1949. Motoci na ta zagayawa, masu talla sun jingina kayansu a gindinsa. Jikan ya rage gudu ya ce kakansa bai taɓa yarda a tsaya a nan ba, wai waɗanda aka sassaƙa sun fi su ƙiba.

A ƙauyensu aka binne shi, can saman tudu wajen Ngwo, a gefen tsohon gidan mahaifinsa. Da yamma muka je ni da Mama da jikan. Kabarin siminti ne, ba ado, ciyawar damina ta fara cin gefensa. Na tsuguna na cire ta da hannu. Na fito da dunƙulen kwal ɗin daga aljihu, ya riga ya ɓata mini riga, na ajiye a wajen kai. Mama ta ce in yi masa magana da yaren nan nasa, tunda tun da na tafi bai sami abokin yi ba. Na buɗe baki, duk abin da na shirya a mota ya gudu. Na miƙe tsaye, na haɗa ƙafafuna yadda ya yi shekara guda yana koya mini ban iya ba, na ce Baba, Kofur ne. Na iso.